Kaset ɗin Mario na dala miliyan ɗaya da rabi, da namu da muke auna wa 'yan jari bola

Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya sayi ta dare.

Akwai wani labari da yake yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, in ya ɓace wata biyu sai wani ya sake tono shi: wai an sayar da tsohon kaset ɗin gem na Mario a kan dala miliyan ɗaya da rabi a Amurka. Duk ranar da aka turo shi sai hostal ya kaure da lissafi. Wannan ya ce akwai irinsa a ɗakin yayansa, wancan ya ce hutun nan sai ya kwance sitonsu kaf. Labarin gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Amma lissafin da muke ɗora masa ba zai fita ba, kuma darasin da ya kamata mu ɗauka a ciki muna tsallake shi. Ra'ayina shi ne: tsohon abu yana yin daraja ne a hannun wanda ya adana shi, ya kuma riƙe tarihinsa. Mu kuwa muna da tsofaffin abubuwan da suka fi Mario muhimmanci a wurinmu, muna nan muna auna su a kilo.

Bari mu fara da abin da ya faru. A ranar 11 ga watan Yuli na 2021, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke birnin Dallas a jihar Texas ya sallama kaset ɗaya na Super Mario 64, wanda Nintendo ya fitar a 1996, a kan dala miliyan 1.56. A canjin gwamnati na lokacin, wajen naira 410 kowace dala, kuɗin ya haura naira miliyan 600. Kwana biyu kacal kafin nan, kamfanin ya sayar da The Legend of Zelda a kan dala 870,000. A watan Afrilu na shekarar an sayar da Super Mario Bros., wanda ya fara fitowa a 1985, a kan dala 660,000. Da Agusta ta kama, wani dandalin zuba jari mai suna Rally ya sanar da cewa ya sayar da wani kwafin Super Mario Bros. ɗin a kan dala miliyan 2. Mu a nan in aka ce gwanjo, hankalinmu kan rigar sanyi ta ɗari biyar yake tafiya. Su can gwanjonsu ke nan.

To me ake biya wa wannan kuɗi? Gem ɗin dai ba wahalar samu yake ba. Super Mario 64 an sayar da kusan kwafi miliyan 12 a duniya, Super Mario Bros. kuwa ya wuce miliyan 40. Wanda aka buɗe aka buga, da 'yan daloli kaɗan za ka saye shi a intanet yau. Abin da ake biya shi ne leda. Kwalin yana nan sabo dal a ledarsa ta kamfani, hannu bai taɓa buɗe shi ba. Wancan na dala 660,000, mai shi ya ce an saye shi ne a ƙarshen 1986 don a ba da shi kyautar Kirsimeti, aka jefa shi a durowar tebur aka manta da shi kusan shekara 35. Cikin miliyoyin yaran da aka sayo wa Mario, nawa ne za su iya haƙurin barin sa a leda ko na kwana ɗaya? Ƙarancin daga nan ya fito.

Bayan leda sai shaida. Akwai kamfanoni masu duba irin waɗannan kaya su ba su maki, kamar yadda lakcara yake duba takardar jarrabawa. Wanda ya fi suna a lokacin shi ne Wata Games, da aka kafa a 2018. Sukan duba kwalin, su duba ledar, su rufe shi a cikin akwatin roba mai gani har hanji, su manna masa sakamako. Super Mario 64 ɗin nan ya ci 9.8 bisa 10, ledarsa ta ci A++. Wanda ya saya ba zai taɓa buga shi ba, don ranar da ya yage ledar, ranar ya yage dukiyarsa. Ka ga ke nan abin ya tashi daga wasa ya koma kadara, kamar fili a Gwarinpa da mai shi bai da niyyar ginawa.

Akwai kuma ɓangaren da masu turo labarin ba sa haɗawa da shi. Duk wanda ya taɓa raka babansa kara sayen ragon layya ya san yadda dillalai kan yi tayi a tsakaninsu don farashi ya hau, kai baƙo ka zo ka tarar an riga an ɗaga. Irin wannan zargi aka yi a can ma. A Fabrairun 2019 an sayi wani Super Mario Bros. a kan dala 100,150, labarin ya zaga duniya, kuma cikin masu sayen akwai Jim Halperin, ɗaya daga waɗanda suka kafa Heritage ɗin kanta. A Agustan 2021 wani ɗan Ostareliya mai tashar YouTube, Karl Jobst, ya fitar da dogon bidiyo yana zargin cewa akwai alaƙa ta kusa tsakanin masu ba da maki da masu gwanjo, kuma ana hura farashin ne da gangan. Kamfanonin sun musanta. A Mayun 2022 wasu masu saye suka shigar da Wata ƙara a kotu. Ko ma dai yaya gaskiyar take, abin da ya biyo baya kowa ya gani: farashi ya sauko sosai, waɗanda suka shiga a ƙurarren lokaci suka tashi da asara. Lokacin kullen korona ne, mutane na zaune a gida da kuɗi a hannu suna neman inda za su zuba. Da iskar ta wuce, kaba ta sauko.

Yanzu mu dawo gida. Mu da muka tashi a Kurmin Sarki da sauran unguwannin Suleja, mun san irin gem ɗin da muka buga. Yayyenmu sun buga na kaset, mai launin ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta wa wasa dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara a jikinsa, alhali in ka ƙirga wasa goma ne suke ta maimaita kansu. In ya ƙi kamawa a cire a hura masa iska a mayar. Mu kuma muka tarar da gidan gem: shago ɗaya, benci biyu, talabijin mai ƙeya, janareto na kuka a waje, PS2 da aka yi wa aiki don ta karɓi faifan kwafi, ana buga ƙwallo wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Kusan duk kayan nan kwafi ne da aka shigo da su daga Asiya, ko kuma na hannu da aka kawo ta Legas. Ba kwali, ba leda, ba rasit. Sun sha ƙurar hunturu, sun sha wutar da ake kawowa da ƙarfi ta ƙona komai. Babu kamfanin gwanjon da zai dube su.

Ni ban ga abin baƙin ciki a nan ba. Kaset ɗaya ya yi wa layi guda hidima har ya mutu, yara talatin sun yi dariya a kansa, an yi faɗa an shirya. Wanda aka kulle a akwatin roba bai taɓa faranta wa yaro ko ɗaya rai ba. Amma maganar kuɗi daban ce, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya tun kafin wani ya faɗa mana ƙarya. Idan wani ya biyo ka ta akwatin saƙo ya ce yana da Bature mai sayen tsohon gem, amma sai ka fara tura kuɗin rajista ko kuɗin tantancewa, ka toshe shi kawai. Salon tsoho ne. A 2009 jita-jita ta tashi a Saudiyya cewa akwai wani sinadari mai tsada, wai jan makuri, a cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer. Mutane suka yi ta saye da tsada, ƙarshe ta tabbata babu komai a ciki. Mu ma ai mun ga namu: MMM da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, danne-dannen Hamster a 2024 da aka yi wata da watanni ana yi har a cikin ɗakin lakca aka tashi da kuɗin da bai kai na datar da aka ƙona ba, sai CBEX a Afrilun 2025. Kullum labarin ɗaya ne, ana nuna maka mutum ɗaya da ya ci a ɓoye maka dubun da aka cinye.

To ina darasin yake? Yana cikin aljihunmu tun muna yara. Naira ashirin ɗin da muke miƙa wa mai gidan gem, mun san ta da Murtala saboda hoton da ke gabanta. Mu nawa ne muka juya bayanta muka tambayi wace ce matar da ke zaune tana ginin tukunya? Ladi Kwali ce, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali, kuma a garin nan namu ta yi aikin da ya kai sunanta duniya. A lokacin sunan garin Abuja, kafin a ɗauki sunan a ba sabon babban birnin tarayya, a mayar da namu Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Sarkin nan yana tara tukwanenta a fadarsa, yana ajiye su a matsayin kayan ado, a lokacin da kowa yake ganin tulu abin ɗebo ruwa ne kawai. A fadar ne wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta. Shi ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. An baje kolin aikinta a Landan tun 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Ga abin da nake so ku lura da shi. A Nuwamban 2021, shekarar da ake ta hayaniyar Mario, an yi gwanjo a kamfanin Phillips da ke Landan na tarin tukwanen da wani Ba'amurke, John Driscoll, ya shafe shekaru yana tarawa. Tulu ɗaya na Ladi Kwali ya haura fam dubu 100. Tulun da aka gina da yumɓun ƙasar nan. Aikinta yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, yana Smithsonian a Washington. Tulunan da ta gina aka ɗebi ruwa da su har suka fashe ba wanda ya san adadinsu. Waɗanda suka kai yau su ne waɗanda wani ya ɗauka da muhimmanci, ya ajiye, ya rubuta wa ya gina, yaushe, a ina. Sarki Sulaimanu Barau ya fara, baƙi suka ɗora, ribar ƙarshe ta sauka a Landan. Mu 'yan garin, ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa ganin cibiyar tukwanen da ke ɗauke da sunanta a nan Suleja?

Kuma abin bai tsaya kan tulu ba. Ku duba finafinan Hausa na kaset. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, shi ake lissafawa a matsayin mafarin wannan masana'anta. Bayansa an yi ɗaruruwa, irin su Sangaya da Wasila da iyayenmu mata suka haddace. Ina kaset ɗinsu na asali da kwalayensu da fastocinsu? Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, kuma kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset, Funai na Japan, ya daina a 2016. Kowace damina wasu suna mutuwa a cikin buhu a sito. Haka littattafan Hausa na kasuwar Kano, bugun farko na In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko littattafan Balaraba Ramat Yakubu, da yawa an naɗe ƙosai da shafukansu. Haka kaset ɗin Shata da Ɗanmaraya Jos da aka ɗauka a gidajen biki, waƙoƙin da wasunsu babu kwafinsu a ko'ina sai a wannan kaset ɗin guda. Haka tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita daga Zariya a 1939. Haka hotunan kakanninmu marasa launi, da wasiƙun ajami da ke ƙasan adaka. Malamai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun daɗe suna wannan aiki na tattarawa da rubutawa, Farfesa Graham Furniss ma ya tara littattafan Hausa masu yawa a jami'ar SOAS ta Landan. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada kuma mu zaci tsadar gwanjo ita ce adana tarihi. A 2023 wata cibiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin bidiyon da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Wato ana biyan miliyoyi a kan kwali ɗaya, sauran dubbai suna ɓacewa. In ƙasar da take da kuɗi da gidajen tarihi tana asarar nata haka, mu da muke barin namu ga gara da ɓera fa?

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Ɗalibin da yake lissafin yadda garin kwaki zai kai shi ƙarshen zango, ga kuɗin makaranta ya ninka, ga kuɗin mota daga Suleja zuwa Minna ko Lapai ko Gwagwalada, ka zo kana masa maganar adana tsohon kaset? Ɗan jari bola kuwa kuɗi hannu yake bayarwa, kuma shi ma sana'arsa yake yi, ba laifinsa ba ne. Gaskiya ne. Amma a duba nawa ake samu. Buhun kaset in aka auna bai sayen abincin kwana biyu, abin da ke ciki kuma in ya tafi ya tafi ke nan. Ba cewa nake a mayar da gida bola ba, tara shirgi daban, adana tarihi daban. Tsohuwar fanka da ta ƙone a sayar da ita. Abin da ke ɗauke da murya ko hoto ko rubutun mutanenmu shi nake roƙon a tsaya a duba kafin a ɗora a sikeli. Wasu kuma za su ce gem da fim ai shiririta ce, ba tarihi ba. Tulun ruwa ma haka aka ɗauke shi a 1950.

Kuma mu ɗalibai mu ne muka fi kowa damar yin aikin, don shekara-shekara ana tilasta mana neman abin da za mu yi bincike a kai. Kowace shekara 'yan aji huɗu suna yawo suna neman taken furojet, a ƙarshe a kwafo wanda aka yi sau hamsin a canza sunan ƙaramar hukuma. Ɗan sashen aikin jarida zai iya zama da masu tsofaffin gidajen gem da gidajen kallo na Suleja ya naɗi tarihinsu daga bakinsu, yaushe suka fara, daga ina suke sayo kaya, nawa ake biya. Ɗan sashen laburare zai iya jera sunayen finafinan kaset da suka rage a hannun tsofaffin masu shagon haya. Ɗan sashen Hausa ya bi littattafan da ke akwatunan iyayenmu mata. Ɗan kimiyyar kwamfuta kuwa, maimakon manhajar rajistar ɗalibai ta dubu da ɗaya, me zai hana ya gina wasan dara ko langa na waya da Hausa? Super Mario ma wasu mutane ne a birnin Kyoto, ƙarƙashin Shigeru Miyamoto, suka zauna suka zana shi a takarda.

Ga abin da kowa zai iya yi a hutun nan ba tare da kashe ko sisi ba. Ka nemi izinin Baba ko Mama kafin ka taɓa kayansu. Ka fito da kaset da littattafai da hotuna daga inda laima take, ka kakkaɓe, ka sa a wuri busasshe nesa da rana. Ka ɗauki hoton gaba da bayan kowane ɗaya da wayarka. Ka zauna da Kaka ta faɗa maka su wane ne a hoton, bikin wa, wace shekara, ka rubuta a takarda ka haɗa da shi, don hoton da ba a san na ciki ba ya zama takarda kawai. Kaset ɗin da ke da muhimmanci a nemi mai na'ura ya juye shi zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri biyu, kuma kada a jefar da na asalin. Fim da waƙa suna da masu su, juyewa don adanawa ne, ba don ka buɗe tasha kana cin gumin wani ba. In ka ci karo da takardu ko rubuce-rubucen da kake ganin sun fi ƙarfin gida, akwai Arewa House da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Makama a Kano, akwai laburaren makarantarku. In kuma ka yi sa'a ka tarar da tsohuwar Sega ko Nintendo ta asali da wani kawu ya taho da ita daga waje, da kwalinta, ka ajiye ta da kyau. Ba za ta saya maka gida a Maitama ba, amma ta fi ƙarfin sikeli, kuma 'ya'yanka za su so ganin abin da ya hana babansu zuwa aike.

Ban yi wa kowa alkawarin kuɗi ba. Wataƙila cikin kaset ɗari da za mu ceto babu ko ɗaya da zai taɓa shiga gwanjo. Abin da nake tsoro shi ne nan da shekara talatin ɗalibi daga Kurmin Sarki ya tashi rubuta kundin digiri a kan finafinan da uwarsa ta kalla, ya tarar sai ya nemi biza, ko ya biya da dala, kafin a nuna masa.

In ka koma gida hutu ka leƙa sito, ka zo ka ba mu labarin abin da ka tarar. Ka kuma tura wa ɗan ajinku da har yanzu bai samu taken furojet ba.